Takalman Baindu da Ɗan Dorina

Sombo ce ta ɓoye takalman surukarta, matar ɗanta, kuma a rumbuna ta ɓoye su, ko sallama ba ta yi mini ba. Na hau ɗibar shinkafar da zan sussuka, na zura hannu cikin dammuna, sai na taɓo wani abu mai sanyi da santsi. Na ƙwala ihu, na ɗauka kumurci ne. Da na duba da kyau sai na ga dogayen takalman roba, irin na masu tsaron kurmi. Ban sha wahalar gane mai su ba, don duk ƙauyen nan mace ɗaya ce ke sa irinsu.

Na same ta a gindin murhu tana daka ganyen rogo.

"Ke Sombo, yaushe rumbuna ya zama ma'ajiyar kayan sata?"

"Rage murya, Jattu, bakinki kamar gangar biki. In a gidana na sa su, Vandi zai tono su. Yaron nan ya san kowane lungu nawa."

"To ni ina ruwana da rigimar gidanku?"

"Ruwanki kuwa har wuya. Ki bar su inda suke."

Na bar su. Ni da Sombo shekara ɗaya aka shigar da mu dajin mata, inda ake horar da 'yan mata kafin aure, shekara ɗaya muka yi aure, kuma tun lokacin nake cewa ba zan ƙara biye mata ba, ina biye mata.

Vandi shi ne ɗanta da ya rage. Baindu matarsa ce, suna da ɗa guda, Lahai, wanda a lokacin ya fara rarrafe. Tun kafin aure Baindu take aiki da masu kula da kurmin Gola. Sukan shiga da sassafe su kwance tarkunan waya, su ɗaura na'urar ɗaukar hoto a jikin itatuwa, su bi sawun dorinar kurmi. Ba dorinar babban kogi nake nufi ba, mai kifar da kwalekwale. Tamu ƙarama ce, ba ta wuce ƙaton alade ba, ita kaɗai take yawo, ga ta da gudun mutane. Baindu ta san hanyoyinta da take hudawa cikin duhuwar ciyawa, ta san kashinta da take watsawa a ganye da jela, ta san ramukan da take kwana a ƙarƙashin saiwoyin bakin rafi. Amma ido da ido ba ta taɓa ganinta ba. Ko a hoton ma, rabin abin da dabbar ke nuna musu ɗuwawu ne. Ni kuwa ba na ga maciji da ita, don duk shekara sai ta share mini ganyen dankalin da nake shukawa a bakin fadama.

Bayan haihuwa Baindu ta koma aiki. Takan shayar da yaro ta miƙa wa Sombo, ta dawo da la'asar nono ya cika mata riga. Da farko Sombo ta karɓa tana gunaguni. Ran nan aikin ya riƙe su, Baindu ba ta dawo ba sai da rana ta faɗi, ta tarar da Sombo tsaye a bakin hanya da yaro a baya, tana dakonta. Washegari takalma suka ɓace, kuma Sombo ta rantse ba za ta ƙara goyon Lahai don uwarsa ta shiga daji ba.

"Uwa ba ta ajiye ɗanta ta tafi." Abin da take maimaitawa ke nan, ko me aka ce mata.

Mutane sun ɗauka taurin kai ne kawai na tsufa. Ni na san ba haka ba ne. Lokacin yaƙin basasa Sombo tana da 'ya mace, Kema, ita ma ta fara rarrafe. Ta bar ta wajen maƙwabciya ta sauka rafi ɗebo ruwa. Tana can masu bindiga suka shigo gari. Da ta samu komawa, ba maƙwabciya, ba yarinya, ba wanda zai ce ga inda suka yi. Ni na riƙe ta a cikin daji na toshe mata baki da zanina don kada kukanta ya tona mu. Ba ta ƙara ambaton sunan yarinyar ba, ni ma ban ambata ba. Baindu daga wani gari take, ba ta san wannan ba, kuma ba bakina ne ya kamata ya gaya mata ba.

Vandi kuwa, Allah sarki, in uwarsa ta yi magana ya ce gaskiya ne, in matarsa ta yi ya ce haka ne, sai ya ɗauki adda ya gudu gonar koko. Ana cikin haka shugaban aikin su Baindu ya aiko cewa in ba ta fito sintirin ranar Litinin ba, za su ba wani gurbinta, don masu nema da yawa. Baindu ta rame cikin 'yan kwanaki. Ta ce ko da silifas za ta tafi, amma wa zai riƙe yaro? Ba matar da za ta karɓi jikan Sombo bayan Sombo ta hana.

Ranar Asabar ta kama ranar kwarfar Tafkin Tukurwa. Rani ya yi nisa, rafi ya tsinke ya zama tafkuna, kuma wannan shi ne na ƙarshe kuma mafi kifi, shi ya sa muke barinsa sai ƙarshen rani. Kamun kifin rani aikin mata ne, namiji ko leƙe ba ya yi. Kowace ta ɗauko komarta da ƙwarya, muka datse bakin ruwa da laka ta sama da ta ƙasa, muka shiga kwarfa muna waƙa. Baindu ba ta zo ba, ta kai Lahai rigakafi a asibitin garin gaba.

Ruwa ya sauko zuwa gwiwa, tarwaɗa ta fara mutsu-mutsu, kwanduna sun fara nauyi. Sai Nyawa, wadda ta fi kowa haɗama a wajen kamun kifi, ta kutsa ƙarƙashin saiwoyin babbar itaciyar da ta rankwafo kan tafkin, inda manyan kifi ke maƙalewa. Ba ta daɗe ba ta fito da baya tana salati.

"Wayyo ni! Aljani! Kifi mai kunne!"

Muka watse, wasu har da zubar da kwando. Sombo ce kaɗai ba ta gudu ba. Ta sunkuya ta leƙa, ta daɗe tana kallo, sannan ta yafito mu.

Can cikin lungun, inda ruwa ya rage, ga wasu 'yan kunnuwa biyu suna kaɗawa, ga hanci, ga idanu suna kallonmu. Baƙi ne sul, yana sheƙi, bai fi ɗan akuya mai ƙiba ba. Bai gudu ba, bai yi kuka ba, sai dai ya ƙara lafewa jikin saiwa.

"Ɗan dorina ne," in ji Sombo. "Ina uwarsa?"

Muka duba gabas muka duba yamma. Muka yi tsit muna saurare. Babu komai sai kukan tsuntsaye.

A wurinmu jariri a baya yake. A baya ake noma da shi, a baya ake daka, a baya ake zuwa jana'iza. Birin da ke kan itace ma ɗansa na manne a cikinsa. Don haka mata wajen ashirin muka tsaya a kan ɗan abin nan, kuma babu ko ɗaya da ta kawo wani tunani ban da guda: uwarsa ta mutu. Wata ta ce tarko ne, wata ta ce damisa. Nyawa, da ta ce aljani ɗazu, ita ta fara share hawaye.

"Ba za a bar maraya a nan ba," in ji Sombo. "Miƙo bahon nan."

Kama shi ya fi kama tarwaɗa wuya, don jikinsa santsi kamar an shafa kuɓewa. Da ƙyar muka sa shi a baho da ɗan ruwa, muka bar tafkin a datse muka kamo hanya. Ni na fara ɗauka, wuyana ya gaya mini gaskiya, na miƙa wa Nyawa. Ba mu yi nisa ba ya kaɗa 'yar jelarsa ya watsa mata kashi tun daga goshi har ƙirji. Duk da baƙin cikin maraici sai da muka yi dariya har muna riƙe ciki.

A barandar Sombo muka sauke shi, gari kuwa ya taru. Ta dama kunun shinkafa ta ɗiga manja, ta kai masa cokali, ya kau da kai. Aka kawo madarar gwangwani, ya ƙi. Tsoho Moinina, wanda ya yi farauta a zamaninsa, ya leƙo ya ce shi dai a ganinsa tukunya ta fi dacewa da wannan baƙo.

"In tukunya kake so, shiga da kanka," in ji Sombo. "Ko da yake wa zai ci ƙashi da fata?"

Ya ja sandarsa ya koma gefe.

Da rana ta take sai fatar ɗan ta fara bushewa, wani farin kumfa yana tsattsafo masa. Sombo ta ɗauko man alayyadi ta shafe shi kamar yadda ake yi wa jariri bayan wanka, ta yafa masa tsohon zaninta. Numfashinsa ya fara sauri. Yana ta wani ɗan kuka siriri, irin na ƙofar da ba mai.

A haka Baindu ta same mu. Ta ratso mutane da Lahai a baya, ta leƙa baho, sai ta dafe kai da hannu biyu.

"Innalillahi! Mama, a ina kuka samo shi?"

"Tafkin Tukurwa. Maraya ne."

"Kun ga gawar uwar?"

"Sai mun ga gawa? Shi kaɗai muka same shi, cikin ruwa, ba kowa."

"Mama, ai haka suke yi! Ba ya iya bin ta cikin kurmi tukuna. Sai ta nemi ruwa mai lungu ta ɓoye shi, ta tafi kiwo, ta riƙa dawowa tana ba shi nono. Ba maraya ba ne, ajiye shi aka yi. Yanzu haka wataƙila tana can tana nemansa."

Mata suka dubi juna. Ni kuwa na tuna wuyana ne ya fara ɗauko shi.

Sombo ta miƙe a hankali tana goge mai a zaninta.

"Ajiye shi aka yi," ta ce. "Lallai. Dole ki ce haka. Kin samo wa kanki 'yar'uwa a daji."

"Mama, ba maganata ake yi ba. In ya wuni a nan fatarsa za ta tsage, kuma ba abin da zai ci sai nonon uwarsa. Ko gobe ba zai kai ba."

"In muka mayar da shi kuma ba uwa, damisa ta samu abincin dare."

"Za ta dawo."

"Kin taɓa ganinta? Ke da ko fuskarta ba ki sani ba?"

Wasu suka yi dariya. Idanun Baindu suka kawo ruwa, amma ba ta sunkuyar da kai ba.

"Ban taɓa ganinta ba, Mama. Amma na san za ta dawo."

Sombo ta dube ta sama da ƙasa, ta dubi taron.

"To ku shaida. A mayar da shi. Gobe da hantsi duk mu je. In uwar ta dawo masa, da hannuna zan kawo miki takalmanki, in goya miki yaro ki tafi dajinki. In ba ta dawo ba, kin gama aikin nan, kuma kada in ƙara jin maganar."

Vandi, da ya iso a lokacin da adda a hannu, ya raɓe a gefe. Baindu ta dubi ɗan da ke baho yana haki.

"Na yarda. A ɗauko shi yanzu."

Raina ya ɓaci da su duka biyun. Wace mai hankali ke ɗora abincinta a kan dabbar daji? Duk da haka na naɗa gammo.

A bakin tafki Baindu ta zama wata daban, har ni sai da ta ba ni umarni. Ta wanke man da ke jikinsa da laka da ruwan tafkin, ta ce kada kowa ya ƙara taɓa shi. Sannan ta ce a fasa datsiyar sama ruwa ya koma.

"A fasa me?" in ji Nyawa. "Kin san kifin da ke cikin nan? Tun sanyin safiya muke kwarfa, bayanmu kamar zai karye!"

"Gwaggo Nyawa, in ba ruwa ba inda zai ɓuya."

"Sai mu ci me, hoton dorina?"

Aka yi ta ce-ce-ku-ce. Kifin nan shi muke kyafewa ya kai mu cikin damina, lokacin da rumbu ke yin ƙasa, don haka ba wasa ba ne. Sombo ta ratsa su. Ta shiga laka ta sa ƙafa ta ture datsiyar da kanta, ruwa ya kwararo.

"Ba na son gobe a ce don ba ruwa ne," ta ce.

Aka saki ɗan a bakin lungunsa, ya nutse, can sai ga 'yan kunnuwa sun ɓullo a ƙarƙashin saiwa. Baindu ta kore kowa gida. Mu uku, ni da ita da Sombo, muka haura kan wani dutse a tsallake, inda iska ba ta kai warinmu tafkin, muka zauna. Lahai ya sha nono ya yi barci. Sauro ya ci rabonsa a jikinmu. La'asar ta yi, rana ta sunkuya, birai suka wuce ta samanmu. Ba abin da ya motsa a bakin ruwa.

"Mun yi hayaniya da yawa yau," in ji Baindu ƙasa-ƙasa. "Ba za ta fito ba sai wuri ya huce."

"Uhm," in ji Sombo.

Muka dawo gida gab da magariba. Na ga Baindu ta juya ta kalli tafkin har ya ɓace mana, kuma na ga tsoro a fuskarta karon farko.

Na idar da sallar asuba ke nan, gari ya fara haske, sai na ji ana ƙwanƙwasa mini taga. Sombo ce, da 'yar tukunyar kunu a naɗe cikin tsumma.

"Taso ki raka ni."

"Ina? Ba hantsi aka ce ba?"

"Ɗan dorinar nan ya kwana da yunwa, Jattu. Ko cokali ɗaya ne in gwada."

Idanunta sun nuna ba ta runtsa ba. Na ja zani na bi ta, ina mita a kan raɓa da gwiwoyina.

Mun kusa dutsen jiya sai ta damƙe mini hannu har farcenta ya shige ni. Muka durƙusa a bayan tukurwa.

Uwar dorinar ce kwance a gefenta a ruwa marar zurfi, rabin jikinta a waje, baƙa mai sheƙi, bayanta a gantsare. Shekaruna duka a bakin kurmin nan, ban taɓa ganin ɓarauniyar dankalina ba sai ran nan, kuma wallahi ban ji haushinta ba ko kaɗan. Ɗan yana manne a cikinta yana tsotso, jelarsa na kaɗawa. In ya saki sai ta juyo da ƙaton kanta ta shinshine shi tun daga kunne har gindi, ta tura shi da hanci ya koma. Ta yi haka ya fi a ƙirga, kamar mai duba ko an rage mata wani abu.

Ban san tsawon zaman da muka yi ba. Daga baya ta miƙe, ta ɗaga hanci ta shaƙi iska, ta yi wani gurnani a hankali. Ta bi ta cikin ruwa ta inda datsiyar ƙasa ta zube, ɗan yana biye da ita yana tuntuɓe, suka shige duhuwar rafi. Ruwa ya rufe sawunsu. Ta ɗauke kayanta daga inda aka taɓa mata, kuma ban ga laifinta ba.

Na juya zan yi magana sai na ga Sombo. Tukunyar kunu ta karkace tana zuba a ƙasa ba ta sani ba. Hawaye na bin fuskarta, bakinta na motsi.

"Ta dawo ta same shi," ta ce.

"Ta same shi."

"Ni ma na dawo, Jattu. Kin san na dawo. Ruwa kawai na je ɗebowa."

"Na sani, ƙawata. Ina wurin."

"Kema," ta ce. Sai kuka ya ƙwace mata, irin wanda na toshe da zanina shekarun nan da suka wuce. Wannan karon ban toshe ba. Na riƙe ta ta yi abinta har ya ishe ta, ni ma na taya ta.

A hanyar komawa wani tunani ya zo mini. Tafki yanzu ba kowa a ciki, bakinsa kuma duk sawun ƙafafunmu ne na jiya. In aka je da hantsi aka tarar ba ɗa, ba sawu, kowa damisa zai ce. Mu biyu kaɗai muka gani. In Sombo ta yi shiru, ta ci. Na san bakina ba ya riƙe magana, amma na ƙudura zan ba ta zuwa azahar in ga abin da za ta yi. Na saci kallonta, fuskar nan a ɗaure tamau, ban karanci komai ba.

Da muka shigo gari ba ta nufi gidanta ba. Rumbuna ta nufa. Na ce ta bari in hau, ta ce ita ta ce da hannunta. Ta taka tsanin nan da tsofaffin gwiwoyinta tana nishi, ta sauko da takalma a hammata da ƙaiƙayi a ɗankwali.

Mata sun fara taruwa a ƙofar gidanta don tafiya tafki. Baindu na zaune a baranda tana shayar da Lahai, ita ma da gani ba ta yi barci ba. Sombo ta kife takalman ta bubbuga su a ƙasa saboda kunama, ta ajiye su a gabanta.

Baindu ta dubi takalma, ta dubi surukarta.

"Mama?"

"Ba sai an je ba. Ta zo ta ɗauki abinta."

"Kun ga sawu?"

"Wane sawu? Ita muka gani, ni da Jattu. Tana ba shi nono."

Yarinyar nan ta miƙe zumbur har yaro ya saki nono ya fasa kuka.

"Kun gan ta? Da idonku? Mama, yaya take? Ina ta bi? Hagu ko dama? Wayyo, ni shekara nawa ina bin ta!"

"To sai ki ƙara himma," in ji Sombo. "Mu da ba mu da takalma ma mun gani."

Aka kwashe da dariya, Baindu na dariya tana kuka. Sombo ta miƙa hannu ta karɓi Lahai, ta juya shi baya, ta ɗaure da majanyi. Sannan ta ce wa matan, tun da ga su a tare, ita dai daga bana ba za ta ƙara sa ƙwarya a Tafkin Tukurwa ba, a bar wa masu jego. Nyawa ta yi ƙorafi, kuma tana da gaskiyarta, don daminar nan mun ci miya ba kifi fiye da yadda muka saba. Amma da rani ya zagayo ba wadda ta je, har ita. Muna kwarfar sauran tafkunan, kuma kafin a datse kowanne sai an leƙa ƙarƙashin saiwa. Dankalina kuwa har yanzu ana ci, kuma daga baya sawu biyu nake gani a kunyoyin, babba da ƙarami.

Ranar Litinin da sassafe na je gidan Sombo aron turmi, na tarar Baindu ta sa takalma ta rataya jaka. Ta shayar da yaro ta miƙa shi. Ta kai bakin ƙofa sai Sombo ta kira ta.

"Baindu."

"Na'am, Mama."

"Akwai wata magana da zan gaya miki, ta wata yarinya, yayar mijinki. Ba yanzu ba. In kin dawo."

"Zan dawo, Mama."

"Na sani. Tafi kada su bar ki."

Da la'asar na mayar da turmin. Na ɗauka zan same ta tsaye a bakin hanya kamar da. A tsakar gida na same ta, ta ba hanya baya, tana tsince shinkafa a faifai, Lahai na barci a bayanta. Muna cikin hira sai muka ji ƙarar takalman roba daga nesa, ƙwaf, ƙwaf, suna matsowa. Sombo ba ta waiwaya ba. Ta ajiye faifan, ta fara kwance majanyi.